Safety a Amurka

"Wannan ta yi masa kaɗan," in ji Hajiya Zinatu, ta tura wa mai shagon rigar. "Sauko min da babbar. Yaron kafaɗa gare shi."

Mai shagon, wani dattijo ɗan Pakistan da ke sayar da kayan leburori a bakin Stratford Road, ya sake hawa tsani yana nishi. Rigar da ya sauko da ita ruwan ɗorawa ce mai kashe ido, irin ta masu gyaran titi, wadda in ka sa ta a Sparkbrook sai a hango ka daga Coventry. Hajiya ta ɗaga ta sama, ta juya ta, ta ja ɗinkin hammata ta ga ko zai saki. Sannan ta sanar da shi, kamar yadda ta sanar da shi shekaranjiya da ta zo duba takalma, cewa ɗanta ya samu aiki a Amurka, jibi zai tashi daga Manchester.

"Safety," ta ce tana buɗe jaka. "Shi zai riƙa kula da lafiyar kowa."

Ba mai shago kaɗai ya sha wannan labari ba. Matan karatun Asabar a masallaci sun sha, mai nama ya sha, dangi a Zariya sun sha ta waya har da hoto. Kada kuma a ga laifinta. Sunusi ya gama karatun injiniya a Manchester, ya fi shekara yana tura takardun neman aiki, amsar duk iri ɗaya, ta fara da godiya ta ƙare da ban haƙuri. Ita kanta tun da council ta rufe cibiyar kula da yara inda take aiki, zaman gida take yi, tana goge abin da ta riga ta goge. Gidan mijinta, Dakta Halliru Jumare, ba a rasa abinci ba, amma an daɗe ba a samu labarin da za a fita da shi waje ba.

Sai ga Sunusi ya zo gida ranar Ƙaramar Sallah, ya zauna a ƙasa gabanta yana murza yatsu, ya ce, "Mama, wata team a America ta ɗauke ni. As a safety." Ya ambaci sunan wani gari haɗe da na wata dabba, ita kuwa ta ɗauka sunan kamfani ne. Kalmar team ba ta dame ta ba, don a ƙasar nan komai team ne, ita ma a council cikin team take. Safety kuwa ta san shi farin sani. Yayanta Rabe har ya yi ritaya safety yake a matatar mai, da hular kwano da biro a aljihu, ko manaja bai isa ya wuce ƙofa ba sai ya ce a wuce. Ba ta bari yaron ya ƙarasa ba. Ta dafa kansa ta yi ta zuba albarka. Sunusi ya buɗe baki, ya dubi babansa. Babansa ya dubi talabijin.

Injiniya Dalyop ne zai kai ta Manchester. Mutumin Jos ne, tare suka yi aiki a council, shi a sashen hanyoyi, kuma a shekara ɗaya aka sallame su. Yanzu tasi yake ja, yana bin titunan da shi ya zana yana tsaki a kan ramukansu. 'Yarsa tana karatu a can, don haka ya ce kada ta wahalar da kanta da motar haya. Dakta zai biyo su gobe in ya tashi daga aiki.

Suna wuce Stafford suka faɗa aikin hanya, motoci suka koma tafiyar hawainiya. Dalyop ya rage rediyo, fuskarsa cike da fara'a irin ta wanda ya daɗe yana riƙe da albishir.

"Hajiya, kin ga abin da suka rubuta a kan yaronmu?"

"Su wa?"

"Team ɗin mana. Jiya suka saki outlook na season, kowa da abin da suke tsammani daga gare shi. Nasa har na kusa haddace shi."

"Har ma'aikata suke sawa a jarida?" ta ce, daɗi ya kama ta. "Amurka ke nan. Ni duk shekarun da na yi a council, ko a allon sanarwa ba a taɓa liƙa sunana ba."

Dalyop ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce. Tun da ya fara tasi ya kamu da son ƙwallon Amurkawa, yana sauraronta in yana jiran fasinja, kuma duk Birmingham bai samu wanda zai yi hirarta da shi ba. Ya zare wayarsa daga inda ya maƙala ta ya miƙa mata.

Hoto ta fara gani. Wani ƙato ne cikin hular kwano, amma ba irin ta Yaya Rabe ba, wannan da ƙarafa a gaban fuska kamar tagar shagon gwal. Kafaɗunsa sun kumbura, wando ya ɗame shi, abin dai babu kyan gani. Har za ta ce Injiniya ya buɗo mata shafin wani, sai ta lura da idanun da ke bayan ƙarafan. Idanun mahaifinta ne, wanda yaron ya ci sunansa, shi ya sa ba ta kiransa da komai sai Babana.

Ta gyara tabarau ta karanta. Marubucin ya jero mutum shida, duk safety. Biyu tsofaffin hannu ne, ba mai taɓa matsayinsu. Ɗaya yana dawowa daga aikin gwiwa, ana jira a ga ko ƙafar za ta ɗauke shi. Biyu sun fito daga manyan jami'o'in can, ana yabonsu da faɗi-tashi. Sai a can ƙasa, na ƙarshe, Sunusi Jumare, daga Birmingham ta Ingila, ba ta Alabama ba. Ɗanye ne, in ji marubucin, sai da ya shiga jami'a ya san wasan. Yana da gudu, ba ya tausayin jikinsa, in ya daki mutum har 'yan kujerar baya sai sun ji. Amma gurbi huɗu ne, kuma da wuya ya tsallake cut na ƙarshen Agusta.

"Danna video ɗin da ke ƙasa," in ji Dalyop, idonsa a kan hanya. "Wasan club ɗinsu ne na Manchester. Ki ga yadda ya tarbi wani yaron Leeds."

Ta danna. Wani yaro ya taho a guje rungume da ƙwallo mai kama da gwanda. Daga gefen hoton wani abu ya fito kamar an harbo shi. Ƙarar da ta biyo baya irin ta tukwane ce in sun zubo daga bene. Yaron ya yi sama, ƙwallon ta yi gabas, shi ya yi yamma. Wanda ya buge shi ya miƙe yana dukan ƙirji.

"Kin gani ko? Clean. Ko flag na laifi alƙali bai jefa ba."

Ya waiwayo. Ya ga fuskarta, ya ga rigar nan mai walƙiya tana leƙowa daga leda a kan cinyarta. Fara'ar ta zame daga fuskarsa a hankali.

"Hajiya, me ya ce miki yana yi?"

"Safety."

"To, ai safety ɗin ke nan," ya ce a sanyaye.

Akwai abin da Dalyop bai sani ba. Sunusi yana ɗan shekara goma sha huɗu ya karya ƙashin kafaɗa a rugby na makaranta. Ta wuni a asibiti tana kallonsa yana cije leɓe, kuma a nan bakin gadon ta faɗi maganar da uwa ba ta faɗa da wasa: in ya sake shiga wasan da ake kayar da mutum, ba ta yafe ba. Ba ta taɓa janye maganar ba, don ba ta ga dalili ba. Wuyan da ta ga yana ƙara kauri 'yan shekarun nan, cewa ya yi ɗaga ƙarfe ne.

Ta ajiye wayar Dalyop ta ɗauko tata, ta kira mijinta.

"Dakta, me safety yake yi?"

Tana jin ƙarar firinta a ofishinsa.

"Zinatu, ina da patient."

"Ya jira. Ai sun saba."

"Na so in gaya miki. Shi ma ya so. Sai kika fara addu'a, kin kuwa san addu'a ba a katse ta."

"Wata guda ana addu'ar?"

"Zan kira ki," ya ce, da muryar da yake gaya wa mutane sakamakon gwaji.

Kunya ce ta fara kama ta, da ta tuna yadda ta tsaya gaban matan masallaci tana kwatanta musu hular Yaya Rabe. Sai haushi ya ture kunyar, don ta gane uba da ɗa sun zauna suna kallonta tana rawa ba kiɗa. Amma abin da ya zauna daram a ƙirjinta bayan waɗannan sun lafa, tsoro ne. Ƙarar nan ba ta bar kunnenta ba.

"Ba inda za shi," ta ce.

"Hajiya, yara dubu nawa ne suke neman wannan damar..."

"Injiniya, ka ja motarka."

Ya ja motarsa. Sun yi nisa, abin goge gilashi yana ta kai da kawo, don an fara yayyafi. Hajiya ta dubi shanu a gona, ta dubi bayan wata babbar mota, sannan hannunta ya koma kan wayar Dalyop ba tare da ta ba shi izini ba. Ta sake karantawa tun daga sama.

"Mene ne wannan cut ɗin da yake faɗa?"

"Irin wanda aka yi mana ne. Su kira ka ofis, su yi maka godiya, su ce ka bar kayan aiki a kan tebur. Bambancin kawai, su ba sa ɓata wata shida suna consultation."

"Shi wannan mai rubutun, ya taɓa ganin Babana ido da ido?"

"Ina jin video kawai ya gani."

"Shi ne ya sa shi a ƙarshe."

Dalyop ya buɗe baki, ya tuna an ce ya ja motarsa, ya rufe. Ita kuwa Hajiya ta rasa gane kanta. Tana jin haushin ɗanta yana buge 'ya'yan mutane, tana kuma jin haushin wani baƙo a Amurka ya ce bai iya bugun da kyau ba. Ta kife wayar don kada abin ya yi mata yawa.

Ruwan ya ɗauke kafin su shiga gari. A Oxford Road suka maƙale bayan jerin bas-bas, ɗalibai suna ratsa titi da kofunan kofi kamar ransu a ajiye yake a gida. Da suka karya kwana zuwa Hulme, Dalyop ya rage gudu a gefen wani fili mai ciyawa, kusa da gidan da Sunusi yake haya.

"Ga shi can."

Ta buɗe ƙofa, ta ɗauki jakarta, ta bar ledar a kan kujera.

"Hajiya, rigar."

"Riƙe ta. In mota ta mutu maka a hanya ka sa."

Ta tsaya a bakin shinge. Sunusi ya jera wasu 'yan robobi a ƙasa, shi kaɗai, yana gudu da baya. Da baya fa, ido a gaba, ƙafafu suna ɗiban ƙasa da sauri kamar keken ɗinki. Sai ya juya kwatsam ya cilla gefe, ya taɓa roba, ya dawo, ya sake. Wata tsohuwar Baturiya da karenta sun tsaya suna kallo, har karen ya manta da abin da ya fito yi. Hajiya ta ga yaron nan yana karatu, ta ga yana wanke kwano, ta ga yana zaune gaban kwamfuta kafaɗa a sake, amma ba ta taɓa ganinsa yana yin abu kamar don shi aka halicce shi ba sai yau. Wannan ma ya ƙara mata haushi.

Ya hango ta, ya taho da sassarfa. Kafin ya iso ya riga ya karanta fuskarta, sai ya zube ya tsuguna a kan ciyawar.

"Mama, sannu da zuwa."

"Tashi, ƙasar a jiƙe take."

Bai tashi ba. "Dad ya yi min text," ya ce.

"Ashe patient ɗin ya tafi." Ta gyara mayafinta. "Babana, gaya min aikin da za ka yi a Amurka. Da Hausa. Kada ka sako min kalmar Turanci ko ɗaya, ita ta kawo mu nan."

Hausar Sunusi ta Birmingham ce. Ta isa gaisuwa da neman ƙarin tuwo, amma ba a taɓa ɗora mata kaya mai nauyi ba. Ya share gumi, ya fara tsinto kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

"Mu goma sha ɗaya ne. Su ma haka. Suna so su kai abin, ƙwallon, ƙarshen fili. Mu kuma mu hana. Ni ina tsayawa a baya. Can baya, bayan kowa. In mutum ya wuce na gaba, ya wuce na tsakiya, saura ni. In ya wuce ni, babu kowa."

"Sai ka yi masa me?"

"Sai in yi tackle..."

"Hausa."

"Sai in kayar da shi."

"Kai ma ana kayar da kai?"

"Ana yi."

"Da zafi?"

"Da zafi, Mama."

"Ana karyewa?"

"Ana karyewa. Wani lokaci kan mutum ma yana buguwa. Akwai likitoci da yawa, amma ana yi."

Ta so a ce ya yi mata ƙarya ko ta kalma ɗaya ce, ta samu abin kamawa. Bai ba ta ba.

"Me ya sa ka bar ni ina yawo a gari ina tallan abin da babu?"

"Na ga kina murna," ya ce, kansa a ƙasa. "Tun da aka rufe wurin aikinku ban ji kin yi dariya irin ta ranar ba. Kullum sai in ce gobe zan faɗa. Kuma ina tsoro. Maganar asibiti, ban manta ba. Duk ranar da zan shiga fili sai na tuna da ita. Sai in riƙa ce wa kaina ai wannan ba rugby ba ne." Sai ya tuna ya sako kalmar Turanci. "Rugby ba ta da Hausa, Mama."

Ta danne dariyar da ta taso mata, don ba lokacinta ba ne.

"In kin ce kada in je, ba zan je ba," ya ce. "Ba zan yi fushi ba. Yau zan rubuta musu."

Ta zuba masa ido tana neman dabara a cikin maganar, irin wadda yara suke yi don a tausaya musu. Babu. Da gaske yake, kuma wannan ya fi bidiyon tsorata ta. Tun daga Stafford take riƙe da "a'a" ɗinta a baki, ga shi an buɗe mata ƙofa ta faɗa, sai ta hango abin da zai biyo baya. Zai kwaso kayansa ya koma ɗakinsa na Sparkbrook, ya buɗe kwamfuta, ya ci gaba da karɓar godiya da ban haƙuri. Zai gaishe ta kullum da safe cikin ladabi. Ta san wannan zaman, ita ma a cikinsa take. Wani baƙo ya ce za a sallami ɗanta a ƙarshen Agusta, ita kuma ga ta nan ta taso tun daga Birmingham don ta riga su.

"Mutumin nan da ya yi rubutu ya ce ba za ka kai ba."

"Wataƙila gaskiyarsa ne."

"Ban tambaye ka gaskiyarsa ba. Kai me ka gani?"

Ya ɗago kai a karo na farko. "Na kalli wasansu duka. Ina ganin na fi biyu a cikinsu. Su dai ba su sani ba tukuna."

Tsohuwar da karenta sun gaji sun wuce. Daga nesa Dalyop ya kafa kai a kan waya, yana yin kamar ba ya kallo.

"Matso," in ji Hajiya.

Ya matso a kan gwiwoyinsa. Ta ɗora hannu a kansa, gashin jiƙe da gumi da yayyafi.

"Waccan maganar ta asibiti na janye ta. Na yafe maka, duniya da lahira. Albarkar da na sa ranar Sallah kuwa ta wani ce mai yawo da biro, ban san inda ta nufa ba. Ga taka."

Kafaɗun nan da suka gagari rigar farko suka fara rawa a ƙarƙashin hannunta. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta roƙi Allah ya tsare masa kansa da wuyansa, ya tsare gwiwoyinsa, ya tsare kafaɗar da ta taɓa karyewa da wadda ba ta karye ba. Ya haɗa shi da shugabanni masu adalci, ya kunyata mai rubutu. Yana amsawa da amin. Tana cikin yi ta tsaya, don yaron Leeds ya faɗo mata a rai, yadda ya yi sama ƙafafu a warwatse.

"Shi wanda yake tahowa da ƙwallon, yana da uwa?"

"Ina jin yana da ita, Mama."

"To shi ma Allah ya tsare shi. In ya faɗi, Allah ya tashe shi lafiya, ya mayar da shi wurin uwarsa da ƙafafunsa."

"Amin."

Hannunta bai bar kansa ba. Tsoron yana nan inda yake, ta kuma san da shi za ta koma Birmingham, da shi za ta riƙa kwana har sai abin da Allah ya yi. Ta sunkuyo kusa da kunnensa.

"Amma kada ka bari ya wuce," ta ce.